Yadda ake ƙaurar da babbar kwamfutar IBM daga tsohon z/OS zuwa z/OS 3.1

Babbar kwamfutar IBM, wadda ma'aikatanta ke ce wa menfirem, ita ce har yau ke riƙe da asusun manyan bankuna da kamfanonin inshora da na jiragen sama da ofisoshin haraji a ƙasashe da dama. Asalinta System/360 ne na 1964. Uwar manhajar da ke tafiyar da ita ta sha sauya suna, daga OS/360 zuwa MVS a 1974, sannan OS/390, sannan z/OS da ya fito a 2001, amma IBM ta riƙe alƙawari guda a duk tsawon wannan lokaci: shirin da aka rubuta shekaru da dama da suka wuce zai ci gaba da aiki a sabon inji. Wannan alƙawarin ne ke sa masu gida su saki jiki. Tunda komai na tafiya, me zai sa a taɓa?

Abin da zai sa a taɓa shi ne kalanda. IBM na fitar da sabuwar siga duk bayan shekara 2, a watan Satumba, kuma tana kula da kowace siga shekara 5. z/OS 2.4 ya fito a 2019, kulawarsa ta ƙare a ƙarshen Satumban 2024. z/OS 2.5 ya fito a 2021, 3.1 kuma a 2023. Da wa'adi ya cika, sai dai ka sayi ƙarin kulawa da tsada, ko ka zauna da injin da ke riƙe da kuɗin jama'a ba tare da facin tsaro ba, wato gyare-gyaren da IBM ke fitarwa don toshe ɓaraka a manhaja.

Zan bi aikin daga 2.4 ko 2.5 zuwa 3.1. Tun daga nan ina so ka riƙe abu ɗaya: girka sabuwar sigar shi ne ɓangare mafi sauƙi. Yawancin aikin a kan tsohon tsarin ake yin sa, watanni kafin ranar ƙaura, kuma abin da ake ginawa da shi shi ne hanyar komawa baya idan abu ya ƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka fara da sanin inda kake tsaye

Je allon umarni ka buga D IPLINFO. Zai nuna maka sigar da kake kai, faifan da aka tayar da inji daga kansa, da fayilolin LOADxx da IEASYSxx da ake amfani da su. Sai ka buga D M=CPU ka ga lambar samfurin injin. Wannan lambar ce za ta faɗa maka ko aikin naka na manhaja ne kawai ko har da sayen ƙarfe. z/OS 3.1 ba ya tashi a kan abin da ya gaza z14. Idan ka ga 3906 ko 3907, z14 ne. 8561 ko 8562, z15. 3931 ko 3932, z16. Idan kuwa 2964 ko 2965 ka gani, z13 ne ko z13s, sai ka ajiye wannan jagorar tukuna ka je ka yi maganar kasafin kuɗi da shugabanni, domin sauya inji aiki ne mai zaman kansa, kuma shi ake fara yi, a bar shi ya zauna, kafin a taɓa manhaja. Ka kuma duba cewa kowane yanki na injin, wato kowane LPAR, yana da aƙalla gigabait 8 na ƙwaƙwalwa.

Abu na biyu shi ne dokar tsallake. IBM ta yarda sabuwar siga ta zauna tare da sigogi biyu da suka gabace ta, ta kuma koma kansu. Ke nan 3.1 na zama da 2.5 da 2.4. Wanda ke kan 2.3 ko ƙasa da haka ya fita daga wannan inuwa: babu facin zaman tare da aka gwada masa, kuma IBM na daina sayar da tsohuwar siga 'yan watanni bayan fitowar sabuwa, don haka matakin tsakiyar ma ba lallai ya samu a kasuwa ba. Mai irin wannan hali ya zauna da IBM tun farko a tsara masa hanya, kada ya ɗauka matakan da ke ƙasa sun ishe shi.

Ƙidayar kayan gida

Nan ne ake cin lokaci, kuma nan ne mutane ke son yin sauri. Ka rubuta duk manhajar da ke kan injin wadda ba ta cikin z/OS kansa: CICS, Db2, IMS da MQ masu tafiyar da mu'amaloli da rumbun bayanai da saƙonni, manhajar jera ayyukan dare, ta kula da tef, ta tsara bayanai, ta sa ido, da ta tsaro idan ACF2 ko Top Secret kuke amfani da shi maimakon RACF, manhajar tsaro ta IBM. Ga kowace, ka rubuta sigarta, ka aika wa kamfanin da ya sayar muku tambaya a rubuce: wace siga da wane faci ake buƙata don 3.1? Ka nemi amsar a rubuce ita ma. Manhajojin sa ido da na tsaro su suka fi saurin karyewa, saboda suna leƙa cikin hanjin uwar manhajar, inda IBM ke da 'yancin sauya fasali ba tare da neman izinin kowa ba. Ka tambaya har da mabuɗin lasisi, musamman idan an sauya inji, domin da yawansu a ɗaure suke da lambar injin.

Bayan kayan saye, sai kayan gida, waɗanda suka fi ba ni tsoro. Kowane tsohon menfirem na ɗauke da 'yan shirye-shiryen Assembler da wani injiniya ya rubuta ya maƙala a ƙofofin da IBM ta bari: IEFUJV mai duba katin aiki kafin ya shiga, IEFACTRT mai rubuta sakamakon kowane mataki, IEFUSI mai ƙayyade ƙwaƙwalwa, da masu lambobi na JES2, manhajar da ke karɓar ayyuka ta sa su a layi. Akwai kuma gyare-gyaren gida da aka shigar ta SMP/E, manhajar girkawa da shigar da faci, a matsayin USERMOD. Sau da yawa wanda ya rubuta su ya yi ritaya, wani lokaci ma rubutun asalin ya ɓace, sai harhaɗaɗɗen shirin kawai ke zaune a ma'ajiya. Ka nemo rubutun asalin kowanne. Ka harhaɗa shi a kan tsarin yanzu ka kwatanta da wanda ke aiki, don ka tabbatar rubutun da ke hannunka shi ne na gaskiya ba wani tsohon kwafi ba. Sannan ka yi wa kowanne tambaya: har yanzu ana buƙatarsa? A ganina duk wanda yanzu ana iya yin aikinsa da saiti a PARMLIB, ma'ajiyar fayilolin saitin z/OS, a jefar da shi. Iyakar ƙwaƙwalwa, misali, fayil ɗin SMFLIMxx na iya ɗaukar mafi yawan abin da IEFUSI ke yi. Kowace ƙofa da ka rufe yau, ka rage wa wanda zai gaje ka wahalar ƙaura ta gaba.

Facin zaman tare, da dalilin da ya sa ba a wasa da shi

A watan Yunin 2012, bankin RBS na Birtaniya tare da NatWest da Ulster Bank sun ɗaga sigar manhajar da ke jera musu ayyukan dare. Da aka ga matsala, sai aka cire sabuwar don a koma tsohuwa, ashe abin da sabuwar ta riga ta rubuta bai dace da tsohuwar ba. Ayyukan dare suka tsaya, albashi bai shiga ba, kimanin mutum miliyan 6.5 abin ya shafa, wasunsu makonni. A 2014 hukumomin kula da harkar kuɗi na ƙasar suka ci tarar bankunan fam miliyan 56. Ba ɗaga sigar ce ta durƙusar da su ba, komawa bayan ce.

Haka z/OS yake. Ranar da ka tayar da 3.1, zai taɓa kundayen da tsohon tsarin ma ke amfani da su: rumbun RACF, katalog, kundin tarihin JES2, kundayen SMS da HSM masu kula da ajiyar fayiloli, da kundayen haɗin sysplex, wato yankunan da aka haɗa suna aiki tare. Idan ka koma 2.4 ko 2.5 bayan haka, dole tsohon ya iya karanta abin da sabon ya bari. Facin zaman tare shi ke koya masa.

Ga yadda ake yi. Da SMP/E ka karɓo sabon HOLDDATA, wato bayanin halin da kowane faci ke ciki, daga IBM. Sai ka gudanar da REPORT MISSINGFIX a kan yankunan SMP/E na tsarin da kake kai yanzu, ka ba shi rukunin IBM.Coexistence.z/OS.3.1. Zai jero maka facin da ba ka da su, har ya rubuta maka aikin karɓo su. Ka sake gudanar da shi da rukunin IBM.TargetSystem-RequiredService.z/OS.3.1 a kan yankunan Db2 da CICS da IMS da MQ, don ka ga abin da su ke buƙata kafin su yi aiki a kan 3.1. Ka shigar da facin, ka kai su kowane yanki da ke raba wani kundi da wanda za a ƙaurar, ka yi IPL, wato ka sake tayar da inji, don su fara aiki da gaske. Facin da ke zaune a faifai ba a tayar da inji da shi ba, daidai yake da babu. Kuma ka maimaita rahoton nan mako biyu ko uku kafin ranar ƙaura, domin IBM na ƙara sababbi a jerin.

Gyaran da ake yi tun kana kan tsohon tsari

Idan z/OSMF, manhajar kula da z/OS ta burauza, bai taɓa tashi a gidanku ba, yanzu ne lokacinsa, domin ba a girka ServerPac na 3.1, wato kunshin da IBM ke aiko sigar a ciki, sai ta cikinsa. Tsofaffin allunan ISPF na girkawa an janye su. Ka ba shi makonni, saboda saitin tsaronsa yana da yawa. Da ya tashi, ka buɗe jagorar ƙaura ta IBM da ke zuwa cikin faci a /usr/lpp/bcp/upgrade. Akwai ta masu tahowa daga 2.4, akwai ta masu tahowa daga 2.5. Tana duba injinka ta tsallake matakan da ba su shafe ka ba, ta kasa sauran gida uku: na kafin girkawa, na kafin IPL na farko, da na bayansa. Ka haɗa ta da gwaje-gwajen Health Checker masu ɗauke da MIG a sunansu. A kashe suke zuwa, sai ka kunna su daga shafin CK na SDSF, allon duba ayyuka da sakamakonsu.

Manyan abubuwan da za ka tarar ba su wuce waɗannan ba, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

JES3, takwaran JES2, ya ƙare a 2.5, babu shi a 3.1. Gidan da ke kansa yana da zaɓi biyu: ya koma JES2, ko ya sayi JES3plus na kamfanin Phoenix Software. Komawa JES2 na nufin bin dubban katunan JCL, wato umarnin da ake tura ayyuka da su, da sake koya wa afaretoci umarni, kuma aikin shekara ne ko fiye, ba abin da za a cusa cikin wannan ƙaura ba. A gama shi daban.

Mai tahowa daga 2.4 yana da ƙarin kaya huɗu da 2.5 ya riga ya sauke. Na farko, tsarin fayil na HFS ya mutu. Duk wanda ya rage sai a mai da shi zFS, kuma akwai BPXWH2Z da BPXWMIGF don wannan. Kada ka duba BPXPRMxx kawai, ka duba har waɗanda ake ɗorawa kai tsaye idan an nema, da waɗanda HSM ya kwashe ya ajiye a tef. Na biyu, kundin tarihin JES2 dole ya kasance a matakin z22. Buga $D ACTIVATE ka ga inda kake da abin da ya hana, sannan $ACTIVATE,LEVEL=Z22. Na uku, SDSF ya daina karɓar izini daga ISFPARMS. Komai sai ta manhajar tsaro, kuma dole sabar SDSF ta kasance a kunne. Na huɗu, wanda na fi so ka ja wa layi: sabar TN3270 da ta FTP sun daina rufa bayanai da kansu, sai ta AT-TLS, ɓangaren TCP/IP da ke yi musu wannan aikin. Idan ka manta wannan, injin zai tashi lafiya lau amma babu ma'aikacin da zai iya shiga ta tagar 3270, har da kai da za ka gyara.

Sai Java. 3.1 ya fito yana neman IBM Semeru 11 mai bit 64, don haka duk inda aka rubuta hanyar Java 8 da hannu cikin fayilolin saiti sai an bi an duba.

Amfanin yin duk wannan a kan tsohon tsari shi ne kowane sauyi na tafiya shi kaɗai. Idan AT-TLS ya ba da matsala ranar Talata, ka san shi ne, domin ba ka taɓa komai ba sai shi. Idan ka tara su duka ka zuba daren ƙaura, abu ya lalace, ba ka san wanda za ka kama ba.

Oda da girkawa

Ana yin oda ta Shopz, shafin odar manhaja na IBM. Ka loda rahoton kayan da ke cikin SMP/E naka don ya taimaka wajen cike jerin, sannan ka bi jerin da ido, domin akwai abubuwan da aka janye ko aka sauya wa suna. Kada ka yi oda da wuri ka ajiye watanni. Faci na tsufa.

Doka a nan ɗaya ce: ba a girka sabuwar siga a kan faifan da injin ke aiki da shi. Ka ware sababbin fayafayan 3390, ka shirya su da ICKDSF, ka sa sabon SYSRES, wato faifan da ake tayar da inji daga kansa, da ma'ajiyoyin rarrabawa da sabon CSI, kundin rajistar SMP/E, da tushen zFS a kansu. z/OSMF zai tambaye ka sunayen kundaye da inda za su zauna, kuma yana iya kwaikwayon fasalin tsarin da kake da shi idan ka riga ka yi masa rajista, abin da ke rage buga rubutu sosai. Zai samar da ayyukan, ka tura su bi da bi, ka karanta sakamakon kowanne kafin na gaba. Da an gama, ka shigar da sabon facin da ya fito bayan an haɗa odar, ka mayar da USERMOD ɗin da suka tsira daga tankaɗe, ka sake harhaɗa ƙofofin JES2 da sauran da ma'ajiyoyin macro na 3.1. Shirin JES2 da aka harhaɗa da na tsohuwar siga ba abin yarda ba ne ko da ya loda.

Katalog, PARMLIB da RACF

Burinka shi ne sauya siga ya zama sauya adireshin faifai ɗaya a HMC, allon sarrafa injin kansa, komawa baya ma haka. Abin da ke ba da wannan shi ne yi wa kundayen SYSRES rajista a babban katalog da alama, wato &SYSR1 ko taurari shida, maimakon sunan faifai. Da haka SYS1.LINKLIB na nufin na faifan da aka tayar da inji daga kansa, ko wanne ne. Idan gidanku bai yi wannan ba tukuna, ku yi shi a kan tsohon tsari. Sababbin kundayen da 3.1 ya zo da su sai a ƙara musu rajista haka nan. Tsofaffin da ya daina amfani da su a bar rajistarsu sai an rufe ƙofar komawa.

A PARMLIB, kada ka gyara fayilolin da tsohon tsarin ke karantawa. Ka buɗe wata ma'ajiya ta musamman a kan sabon SYSRES ka sa ta gaba a jerin LOADxx, ka zuba duk abin da ya keɓanta da 3.1 a ciki. Ka bi PROGxx da LPALSTxx layi-layi: mai tahowa daga 2.4 zai tarar an raba RMF, manhajar auna aikin inji, gida biyu, an sami sababbin ma'ajiyoyi SYS1.SGRBLINK da SYS1.SGRBLPA da dole su shiga jeri. Sai IFAPRDxx, ƙaramin fayil mai babban tasiri. Lambar kayan z/OS ta sauya daga 5650-ZOS zuwa 5655-ZOS a 3.1. Idan ka bar tsohuwar lamba ita kaɗai, abubuwan da kuke biya daban irin su RACF da SDSF da DFSORT da HSM za su ɗauka ba ku da lasisi. Ka sa layukan duka lambobin biyu.

A ɓangaren UNIX, girkawa ba ta taɓa /etc da /var naka. Kai za ka kwatanta su da samfurin da ya zo ka haɗe bambancin da hannu, musamman na OpenSSH, wanda sabuwar sigarsa ke ƙin wasu tsofaffin hanyoyin rufa bayanai. Abokan hulɗar da ke turo muku fayil ta sftp da tsohuwar manhaja, a nan ake gano su.

Rumbun RACF kuma sai a ɗauki kwafinsa, sannan a gudanar da IRRMIN00 da PARM=UPDATE daga ma'ajiyar sabuwar siga don sabunta fasalinsa. Tsohon tsarin na iya zama da sabon fasalin. A ƙarshe ka sake gina shirin AMDSADMP, wanda ke kwashe hoton ƙwaƙwalwa idan inji ya sume, da kayan 3.1. Ranar da za ka buƙace shi ita ce ranar da ba ka da lokacin gina shi.

IPL na farko, da gwajin komawa

A yankin gwaji ake fara tayarwa, ba na aiki ba. A HMC ka sa adireshin sabon SYSRES, ka duba haruffa 8 na saitin lodi: huɗun farko lambar faifan IODF, kundin da ke bayyana na'urorin injin, biyu na gaba wutsiyar LOADxx, sai na yawan saƙonni, sai na cibiya. Ka zaɓi harafin da ke nuna duk saƙonni, ka tayar tare da zaɓin CLPA, wanda ke sake loda shirye-shiryen LPA daga faifai. Idan ya tsaya da lambar jira irin 0B1, yawanci LOADxx ko IODF ne bai samu ba. Idan ya wuce, ka karanta SYSLOG daga layin farko, ba wai ka tsaya kan jajayen saƙonni kawai ba. Faɗuwar S806 na nufin ba a ga shiri ba, ka duba jerin LNKLST. S047 ko S306 na nuna ma'ajiyar da ta fita daga jerin APF, jerin ma'ajiyoyi masu izini na musamman.

Da ya zauna, ka bar shi ya yi aiki: a shiga, a tura ayyuka, a ƙirƙiri kundaye, a sauya kalmar sirri, HSM ya kwashe ya dawo da fayil. Sannan ka kashe shi ka tayar da tsohon SYSRES a kan waɗannan kundayen da sabon ya taɓa. Ka tabbatar JES2 ya tashi da ayyukan da ke layi, wanda ya sauya kalmar sirri ya shiga da sabuwa, Db2 da CICS sun buɗe. Ka ɗauki lokacin da abin ya ci da agogo. Sai ka sake komawa 3.1. Ban yarda a sa ranar ƙaura ba sai an yi wannan zagaye, kuma afaretocin da za su kwana a wurin su ne suka yi shi da hannunsu, suna bin takarda, injiniya na kallo bai ce uffan ba. Duk inda suka tsaya suna tambaya, takardar ce ke da giɓi.

Gwajin manhajojin kasuwanci

Shirye-shiryen COBOL da PL/I da aka riga aka harhaɗa ba sa buƙatar sake harhaɗawa don an sauya z/OS. Language Environment na ɗaukar su. Za a sami mai cewa tunda ana gyara, a haɗa da komawa COBOL 6 gaba ɗaya. Ka ƙi. Sabon maharhaɗin na buƙatar ma'ajiyoyin PDSE, kuma yana iya ba da sakamako daban idan akwai gurɓatattun lambobi a cikin bayanai waɗanda tsohon ke haɗiyewa shiru. Aiki ne mai kyau, amma da gwajinsa daban.

Abin da za ka gwada shi ne cikakken zagayen dare da kwafin bayanan gaske, aka ɓoye sunayen mutane, a gudanar a tsohon tsari da sabo a kwatanta sakamako. Ka sa har da ayyukan ƙarshen wata da na ƙarshen shekara, domin su ne ke ɗauke da tsofaffin shirye-shiryen da ba a taɓa ba tun zamanin da. Ka gwada na'urorin buga takardu, turakun tef, da kowace hanyar da fayil ke shiga ko fita zuwa wani kamfani.

Daren ƙaura

Ka zaɓi ƙarshen makon da ba na albashi ba, ba ƙarshen wata ba. A dakatar da duk wani sauyi a injin mako biyu kafin nan. A rubuta ƙarfe nawa ne za a yanke hukuncin ci gaba ko komawa, a cire lokacin komawar da ka auna daga lokacin buɗe kasuwa, a kuma ambaci mutum ɗaya mai yanke hukuncin. Da asuba, mutane sun gaji, kowa na ganin saura ƙiris ya gano matsalar, kuma a wannan ƙiris ɗin ne lokacin komawa ke ƙarewa.

Idan kuna da Parallel Sysplex, sai a bi yankuna ɗaya bayan ɗaya: a kwashe aiki daga ɗaya, a fitar da shi da V XCF, a tayar da shi a 3.1, a bar shi kwanaki yana zaune da sauran kafin a taɓa na gaba. Idan yanki ɗaya ne, sai an tsaya cak. A tsayar da manhajar jera ayyuka, a bar masu gudana su ƙare, a rufe CICS da IMS da MQ da Db2, sannan TCP/IP da VTAM da UNIX, sannan $P JES2, sannan Z EOD. A ɗauki kwafin katalog da RACF da kundin tarihin JES2 da kundayen SMS da HSM ta FlashCopy ko ADRDSSU. A tanadi ƙaramin tsarin ceto mai faifai ɗaya ko biyu wanda aka gwada tashinsa a wannan makon. Sai a sauya adireshi a tayar. JES2 da ɗumi ake tayar da shi, WARM. Amsar COLD na share duk abin da ke layi da duk takardun da ba a buga ba, don haka ka rubuta amsar daidai a takarda da manyan baƙi.

Bayan an haye

Makonnin farko ka kwatanta bayanan aikin inji da SMF ke tarawa, nau'in 70 da 72 da 30, da na kafin ƙaura, ka ga ko cin injin ya ƙaru ko zagayen dare ya ƙara tsawo. Ka duba rahoton SCRT, na yawan ƙarfin injin da aka ci, na watan farko da kyau kafin a aika wa IBM, domin da shi ake lissafin kuɗin lasisi, kuma lambar kaya ta sauya.

Kada ka kunna ko ɗaya daga sababbin abubuwan 3.1 tukuna, komai sha'awarsu. Da yawa na rubuta abin da tsohuwar siga ba ta iya karantawa, kuma kunna su na rufe ƙofar komawa ba tare da sanarwa ba. Tsohon SYSRES ya zauna yadda yake har kowane yanki ya haye, aka kuma wuce aƙalla ƙarshen wata ɗaya lafiya. Daga nan ne za a share rajistar tsofaffin kundaye, a cire layukan 5650-ZOS, a mai da tsohon faifan wurin shigar da faci na gaba.

Saura cibiyar ko-ta-kwana, wadda ake komawa idan gobara ko ambaliya ta ci babbar cibiya. Injin da ke can ma dole ya kai z14, ko naku ne ko haya kuke yi, kuma kwangilar hayar da aka sa wa hannu shekarun baya tana iya ambaton z13. Ka tabbatar sababbin fayafayan SYSRES sun shiga jerin waɗanda ake kwafewa zuwa can, an gyara adireshin lodi a HMC na can, mabuɗan lasisi na lambar wancan injin sun dace da sababbin sigogin, sannan ka sa ranar tayar da 3.1 a can cikin wata ukun farko.